Bugun da Na Ɗauka Dattin Kaset Ne

Zuwa ga ɗiyata Rifkatu, autata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, gaisuwa mai yawa. Ina fata wasiƙar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, kin sami ruwan wanka da abin sawa a baki, kin huce gajiyar hanya. Allah da ya fitar da ke daga Katsina lafiya ya tsare ki a inda kika je, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki haƙurin aikin jinyar da kika tafi koya.

Uwarki ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa. Kin san ni da takarda, sunana kaɗai nake iya zanawa, shi ma sai na ciji leɓe. Muna zaune gindin dalbejiyar tsakar gida, rana ta ɗan karkata, ke kuma kin tafi Ƙofar Guga yin sallama da ƙawayenki. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Ta ce shekara talatin da biyar tana gyara mini magana, hutun yini ɗaya ba zai kashe ta ba. In kin ga wani wuri ya fi bakina daɗi, to ba ta cika alkawari ba ne. Za ki ji wani ɗan abu mai tauri a gindin ambulan. Ki bar shi tukuna, za mu zo kansa.

Mako biyu ke nan ba abin da ke haɗa ni da ke sai ina kwana da lafiya lau. Kin roƙe ni jitar bes ɗina, mai kaurin muryar nan, ki tafi da ita, domin cocin da za ki shiga can suna neman mai kaɗawa. Na ce a'a, da ƙarfi, har na ɗora da maganar da ba ta kamata ba. Jibi da safe za ki hau mota, kuma ba na so ki bar gidan nan da wannan a'a ɗin a ƙirjinki. Na gwada kwance ta da bakina sau biyu. Duk lokacin da na tsaya a gabanki sai in ji ina tambayar ki ko kin ga gudumata. Don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Zan bi ta doguwar hanya, ita na sani.

Abin da ya haɗa mu ƙaramin abu ne, wanda ba ya kaɗa jita ba zai ma ji shi ba. Bugun nan ne da ake kwantar da yatsun hagu a kan tsirkiya ba tare da an danne ta ba, a ja ta da yatsan dama, ta ce tuk, ba murya ba amo. Ku a wayarku kuna da sunansa na Turanci. Ni bugun bebe nake ce masa tun kafin a haife ki, kuma ba yanzu zan canza ba. Bugun nan ya sha kunyata ni, Rifkatu. Ba ki san labarin ba saboda ban taɓa yarda a faɗa a gabana ba.

Na zo garin nan daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna ina saurayi, da zarto da guduma a cikin buhu, ina bin aikin rufi da ƙofofi a gidajen GRA. Marigayi Malam Bitrus, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke shugabantar mawaƙan cocinmu a lokacin. Shi ya sayo jitar nan daga Kaduna, aka ɗora mata kaya a mota, wuyanta ya tsage. Ya kawo mini ita don an ce ni kafinta ne. Na zuba mata gam, na matse ta kwana uku, da ta bushe muka haɗa ta da lasifika don mu ji ko ta tashi. Na ja babbar tsirkiyar sau ɗaya. Ban ji ta a kunne ba, a ciki na ji ta, ƙasa da cibiya. Malam Bitrus ya ga fuskata, ya ce tunda dai ba wanda ya iya ta a cikinmu, wanda ya ɗinke ta ya riƙe ta. Ya ba ni kaset ɗaya na wasu makaɗan kudu, ya ce ga malaminka nan.

Haka na koya, da rikoda da kunne. In sa kaset, in ji layi ɗaya, in mayar baya da biro don kada batir ya ƙare, in nemi wurin a wuyan jita. Sai dai akwai abin da ke damuna. Tsakanin murya da murya ina jin wani tuk, tuk, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. Na ce kaset ne ya tsufa. Na goge kan rikoda da auduga, yana nan. Na ɗauke ta na kai wa Malam Lawal mai gyaran rediyo na Ƙofar Marusa, wannan dai da kuke ce wa Baba Lawal. A lokacin gemunsa baƙi ne. Ya sa kaset ɗin, ya saurara yana kaɗa kai, ya kashe.

Ya ce, "Ayuba, rikodar nan taka lahiya lau take. Mai jitar ne ke yin abinshi da gangan."

Na ce wane mahaukaci ne zai sayi jita ya zauna yana toshe mata baki?

Ya ce, "Kai ba kafinta ba ne? In kana kafa ƙusoshi a jere, ba ka ɗan taɓa katako da guduma tsakanin bugu da bugu? Wannan taɓin mi yake kafawa?"

Na san ina yi. Kowane kafinta yana yi, don hannu kada ya ɓata tafiyarsa. Amma na ce masa aikin kafinta daban, kiɗa daban, shi ya tsaya a kan wayoyinsa. Na kwashi rikodata na kai wa wani a babbar kasuwa, ya canza mata kai sabo. Na dawo gida na kunna, tuk ɗin ya fito tas, ya fi da. Har yau in Baba Lawal yana son ya ba mutanen dakalinsa dariya, labarin nan yake ɗaukowa.

Kin san me na yi? Na ci gaba da koyon waƙoƙin, ina tsince tuk ɗin ina zubarwa kamar tsakuwa a shinkafa. Shekara biyu ina kaɗa wa coci jita mai tsabta, kowace murya doguwa, cikakkiya, tana shiga cikin 'yar'uwarta. Ina ji da kaina sosai.

Waƙar kwando ce ta tona ni, wadda ake yi lokacin baiko, jama'a na tasowa layi-layi da rawa suna jefawa a kwando. Da can da tulu da gora kawai ake yin ta, tsofaffi ma sai sun taka. Da na shiga da jitata sai ƙafafu suka yi nauyi, mutane na tafiya gaba kamar masu bin layin karɓar magani. Na ɗora wa zafi laifi, na ɗora wa janareta, na ɗora wa mai ganga. Akwai wata yarinya a cikin mawaƙa mai kaɗa tulu, Hannatu, siririya, ba ta tsoron kowa. Ita ce wannan da ke rubutu yanzu tana murmushi. Wata rana bayan gwaji ta tsaya a gabana da tulunta a kunkumi.

Ta ce, "Malam Ayuba, ka cika ko'ina da murya. Ina kake so ƙafa ta sauka?"

Ta zauna ta nuna mini. Ta buga tafinta a bakin tulu, ya ce bum. Ta taɓa gefensa da yatsu, ya ce tak. Ta ce bum ɗin kowa ke ji, amma tak ɗin ake takawa. Na ce mata mai kaɗa tulun ruwa ba za ta koya wa mai kayan lantarki kiɗa ba. Uwarki ta ce in faɗi gaskiya, abin da na faɗa ya fi haka muni. Ya fi, amma ba za a rubuta ba. Lahadi uku ban gaishe ta ba. A mako na huɗu na koma kan kaset ɗina, na saurara da tak ɗinta a kaina, sai na ji mutumin nan na kudu tulu yake kaɗawa a kan tsirkiya. Abin da na shekara biyu ina zubarwa, shi ne ƙafar waƙar.

To ki ji, ɗiyata. Inda za ki, za ki ji abubuwa da yawa da ba ki gane ba, a kiɗansu da maganarsu da yadda suke aikinsu a asibiti. Kada ki yi saurin cewa datti ne. In mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗa miki abu ɗaya, ki zauna ki sake saurara, ko da ɗayan mai gyaran rediyo ne ɗayan kuma mai tulu. Ni sai da na ɓata shekara biyu da kan rikoda mai lafiya.

Ganewa daban, hannu ya yarda daban. Hannuna na kafinta ne, bai san taɓawa ba sai dannewa. In na ce zan yi bugun bebe sai in danne rabi, tsirkiya ta yi zizar ƙuda a kan ƙarafan da ke jere a wuyan jita. Da na sassauta kuma na sa yatsa ɗaya, sai wani siririn fito ya fita, kamar ana shafa bakin kofin gilashi, musamman a kan ƙarfe na biyar da na bakwai. Na daɗe kafin na gane yatsa ɗaya ba ya rufe mata baki. Biyu ko uku ake kwantarwa, a kwance, yadda kike ɗora hannu a goshin mai zazzaɓi. Yatsan dama kuwa ba ya rage ƙarfi, yadda yake jan mai murya haka zai ja bebe. In kika tausaya masa ya ɓace. Kuma in kin gama murya za ki shiga tuk, ba ɗaga yatsu ake yi ba, sakin ƙarfi kawai ake yi, suna nan a kwance.

Duk wannan ban same shi a zaune ina gwada hannu ba. A cikin waƙar kwando na same shi. Uwarki ta ce in fara yi da baki, abin da baki bai iya ba hannu ba zai iya ba. Ina aiki a saman rufin mutane ina dum, tuk, dum-dum, tuk, har wani maigida ya tambayi abokin aikina ko ina da lafiya. Daga nan na sa tuk ɗaya tak a kowane layi, a hankali, tana kaɗa tulu ina bin ta. Da ɗayan ya zauna na ƙara na biyu. Ranar da na kai shi coci, tsohuwa Laraba, wadda ke dogara sanda, ta miƙa wa ta kusa da ita sandar ta taka har gaban kwando. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura mana aure da mai tulu. Ta ce in rubuta cewa ita ta ga dama, ba jita ce ta jawo ta ba. An rubuta.

Sai kuma na haukace da bugun nan. Abin da mutum ya samu da wuya yana so kowa ya san ya samu. Ba waƙar da ban cusa masa ba, ta shiga, ta fita, ta addu'a, duk tuk-tuk-tuk kamar ana sassaƙa turmi. Da tsohuwa Laraban nan ta rasu, muka je raka ta. Akwai waƙar rakiya da muke yi, mai tafiya a hankali, wadda kowace murya ke son a bar ta ta miƙe har ta ƙare da kanta. Ni kuwa na sunkuyar da kai na shiga yanka ta gunduwa-gunduwa. A raina ina girmama tsohuwar ne, tunda ita ta fara taka bugun nan. Na yi baiti guda cur ina kaɗawa kafin na lura ba abin da ke fita. Malam Bitrus ya zare wayata daga lasifika, yana tsaye riƙe da ita a bayansa, yana ci gaba da waƙa kamar ba shi ba. Da aka watse ya miƙo mini wayar, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ayuba, binne ta muka zo yi, ba aurar da ita ba."

'Yarta ba ta taɓa yi mini maganar ba, kuma wannan ya fi ciwo. Don haka ki bari waƙa ta faɗa miki nawa take so. Wata tana son huɗu a layi, wata ɗaya, wata ba ta son ko ɗaya. Kafin ki taɓa tsirkiya ki dubi fuskokin mutanen da ke zaune. Kin fi ni hannu, shi ya sa nake jin miki tsoron wannan. Mai hannu ne ke cika waƙa da kansa.

Yanzu zan zo kan wanda ya fi mini nauyi, na yayanki Yohanna. Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Shi da kansa ya zo ya ce yana so ya koya, idonsa na ƙyalli. Na ce a raina ɗana ba zai sha wahalar da na sha ba, zan gyara masa hannu tun daga tushe. Na zaunar da shi a kan benci, na ba shi tsirkiya ɗaya, na ce tuk. Kullum in ya dawo makaranta, tuk. In fito ya fita, sake. In ziza ta fita, sake. Wata uku ban bar shi ya kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Yakan ce, Baba, yaushe za mu yi ta kwando? In ce sai hannu ya nuna. Na manta ni a cikin waƙar hannuna ya nuna. Wata rana ya ajiye jitar a hankali ya ce yatsunsa na ciwo. Na ce gobe. Goben nan ba ta zo ba har yau, ga shi da 'ya'ya biyu a Kaduna. In ya zo gida ki lura, ba ya zama a kujerar da ke kusa da inda take rataye.

In wani ya zo miki yana son koyo, ki ba shi waƙa ranar farko. Ko da murya biyu ce da tuk ɗaya, ko da hannunsa na fito da ziza, ki bar shi ya ji yana cikin waƙa. Gyara yana zuwa daga baya. Tuk shi kaɗai ba kiɗa ba ne, ƙwanƙwasa ce, sai yana da abin da ya shiga tsakaninsa.

Kin daɗe kina zaton don ke mace ce na ƙi koya miki. Ba zan rantse babu ɗan wannan a ciki ba, ni mutumin da ne. Amma babban dalilin Yohanna ne. Na ga na kashe wa ɗaya, na ji tsoron in taɓa ta biyu. Sai kika koya a bayan idona, da wayarki da jitar coci sabuwa, ni kuma ina wucewa kamar ban ji ba. Ina ji. Sau da yawa in kina gwaji a coci da rana ina tsaye bayan taga, wai ina duba ko gara ta ci katakon.

Ranar Alhamis ɗin nan da muka ɓata, kina kaɗa waƙar kwando a gwaji, daidai inda ake komawa amshi kika sa wani tuk da ban san shi ba. Na miƙe a gaban mawaƙa duka na ce wannan na wayar salula ne, ba na waƙar nan ba. Na ce ni na kawo jita cikin waƙar nan, na san kowace ƙusa da ke jikinta. Ba ki yi mini gardama ba. Kin ce, "Baba, yana nan a ciki," kika sunkuyar da kai. Da muka dawo gida kika roƙi jitar, na ce ba zan ba mai koyon kiɗa a waya ba, ta je garin mutane ta lalata mini waƙoƙi. Na ga yadda kika tattara kwanukan kika shiga ɗaki.

Kwana uku bayan nan, da la'asar, kin tafi kasuwa. Uwarki ta jawo tulunta daga ƙarƙashin gado, ta zauna bakin madafa, ta fara waƙar kwando. Ina gyaran ƙafar kujera ina jin ta da rabin kunne. Da ta zo komawa amshi sai na ji tak. Daidai wurin naki. Na ce ta sake. Ta sake, yana nan. Na ce yaushe ta ƙara wannan?

Ta ce, "Tun kakata yake nan."

Na ce ƙarya ne, shekara talatin da wani abu muna kaɗa ta tare, da na ji.

Ta ce, "Ina za ka ji? Duk lokacin da aka zo wurin nan kai kake ɗagawa ka dubi ɓangaren mata, ka ga ko ina kallon ka. Hannunka sai ya tsaya. Ni nake cike maka shi da tulu tun kafin ka biya sadakina."

Na ce to me ya hana ta faɗa mini? Ta ce in ta faɗa zan daina ɗaga kan.

Ashe ba a waya kika samo shi ba. A bayan uwarki kika ji shi, tana goye da ke tana kaɗawa. Ni da nake cewa ni ne ma'ajiyar waƙoƙin nan, ina ɗauke da waƙar da rami a cikinta, mace na toshe mini shi kowace Lahadi. Na kunyata ki a gaban mutane a kan abin da kika fi ni sani. Ranar Lahadi mai zuwa zan tsaya a gaban mawaƙan nan in faɗa musu haka, ko da ba kya nan. Uwarki ta ce za ta zauna a gaba don ta tabbata ban juya maganar ba.

Saura abu ɗaya, kuma wannan ko mai rubutun ban taɓa faɗa wa ba. Tun bara da na ce na bar wa matasa kiɗan coci don su ma su taso, ba don su ba ne. Hannuna na hagu ne. Yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa, in na danne babbar tsirkiya zafi na tafiya har gwiwar hannu, muryar kuma ba ta fita. In kun fita nakan sauko da jitar in gwada. Abin da ya rage mini shi ne bugun bebe, don shi ba ya son dannewa, kwantar da yatsu kawai yake so. Sai in zauna in yi waƙa guda daga farko har ƙarshe, tuk, tuk, tuk, sauran ina jin su a kaina. Da kika roƙe ni ita, ba waƙoƙina na ji wa tsoro ba. Na ga in ta fita daga gidan nan, ƙusar da take rataye za ta faɗa wa kowa cewa Ayuba ya gama. Shi ne na nemi laifi na ɗora miki.

Na dakata nan don in ga ko uwarki za ta yi kuka. Ba ta ko ɗaga kai daga takarda ba. Ta ce ta sani tun ranar da na fara karɓar kofin shayi da hannun dama kaɗai, in ci gaba, rana na faɗuwa.

Kada ki yi irin wannan, Rifkatu. In wani abu ya gagare ki a can, karatu ko aiki ko kewar gida, ki faɗe shi da sunansa ga wanda ya kamata. In kika ɓoye shi zai fita ta wata ƙofa, ya faɗa kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Yanzu ki zazzage ambulan. Makulli ne. Dogon akwatin nan da kika ga ina haɗawa, wanda na ce saƙon wani ne za ki taimaka ki kai Jos, ba wani mai zuwa karɓa. Aikin yini ɗaya ne, ya ci mini mako, sai da Baba Lawal ya zo ya riƙe mini katako yana yi mini dariyar kan rikoda. Jitar ce a ciki, na shimfiɗa mata tsohon bargona. Tun da coci ta sayi sabuwa aka bar mini ita, tawa ce, yanzu kuma taki ce, ba aro ba.

Ki kula da wuyanta, wurin da na ɗinke yana nan, za ki ji shi da babban yatsa. An ce garin akwai sanyi da damshi, kada ki jingina ta da bango, kada ki bar ta a ƙasa. In za ta daɗe ba a kaɗa ba ki ɗan sassauta tsirkiyoyin. Ki goge su da tsumma bayan kowane kiɗa. Kada ki ba kowa aro, in ya nace ki ce babanki mafaɗaci ne, ba ƙarya kika yi ba. Kaset ɗin Malam Bitrus na cikin aljihun gefe. Na san ba ki da abin sa shi, ki ajiye dai. In kin je cikin mawaƙansu kada ki nuna hannu ranar farko. Ki nemi mai ganga ko mai tulu ki zauna kusa da shi, ki ji inda yake taɓawa a hankali, nan ne wurinki. Za su ji Katsinanci a bakinki su yi miki dariya, ki bar su, ki gaishe su yadda aka koya miki, doguwar gaisuwa, har su gaji.

Yau da safe kafin in rufe akwatin na zauna da ita sau ɗaya. Na ce uwarki ta ɗauko tulu. Muka yi waƙar kwando, ita da muryoyin, ni da abin da hannuna ya iya. Da muka zo komawa amshi na kafe idona a kan tsirkiya, na ƙi ɗagawa, na buga shi. Ya zauna daram, kamar ƙofar da aka auna wa gurbinta. Yana nan a ciki, ɗiyata. Ke ce da gaskiya. Ki yafe wa babanki.

Uwarki ta ce a zagaye na biyu na sake ɗaga kai. Wannan ba zan musa ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga mugun direba da mugun mutum, ya kai ki ya dawo mana da ke lafiya. Ya sa albarka a hannuwanki biyu, na jinya da na kiɗa. In kin zo Kirsimeti ki zo da ita, ina so in ji waƙar nan cikakkiya daga kujerar jama'a, inda ban taɓa jin muryar jitar nan ba. Uwarki na gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji kuma tuwo bai san ana rubutu ba. Baba Lawal na gaishe ki. In kin buɗe akwatin ki kira wayar uwarki, ba sai kin ce komai ba, ki kaɗa kawai, zan matso kusa.

Ni ne babanki,
Ayuba kafinta